An canza kwayil sau uku a rami ɗaya, mota ba ta daina misin ba

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Daura: "Assalamu alaikum Malam. Ina da Corolla ta 2005, ina zirga-zirga da ita tsakanin Daura da Katsina. Da safe lafiya lau take tashi, amma da ta ɗauki zafi, musamman in na taka totur zan wuce babbar mota, sai ta fara fizga, fitilar cek tana ƙiftawa. An canza mini kwayil sau uku cikin wata biyar, kuma kullum a rami na uku ne. Kowane yakan yi 'yan makonni, sai ciwon ya dawo. Yanzu wani ya ce in sayi guda huɗu gaba ɗaya, wani kuma ya ce birenbos ne. Me zan yi?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Kada ka sayi huɗun, kada kuma ka yarda a kwance maka birenbos, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injin. Kai da kanka ka nuna inda bakin zaren yake, da ka ce rami ɗaya ne kullum. Da tsufa ne ke kashe su, da yau na ɗaya ne, gobe na huɗu. Amma kwayil uku daban-daban su mutu a wuri guda, ɗaya bayan ɗaya? Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai akwai abin da ke cin su a ramin nan, ko kuma tun farko ba su ne masu laifin ba, ana dai canzawa ne motar tana ɗan lafawa. Rarrabe waɗannan biyun shi ne aikin, kuma yawancinsa sifana mai lamba 10 yake so, da soket ɗin fulogi mai lamba 16, da tocila, da haƙuri.

Bari in fara da abin da kwayil ke yi, domin in ka gane shi, za ka riƙa gane lokacin da ake yi maka aiki da lokacin da ake lalube. Batirin motarka bolt 12 ne. Wutar da ake so kuwa ita ce wadda za ta tsallake bakin fulogi, tazarar milimita 1.1, a cikin silinda da fiston ya riga ya matse iska da fetur. Bolt 12 ba zai ko kusanci wannan ba. Kwayil ne ke ɗaga ta. A cikinsa akwai naɗin waya biyu a kan ƙarfe guda: na farko waya mai ɗan kauri, naɗinta kaɗan, na biyu siririya ƙwarai, an naɗa ta sau dubbai. Birenbos yakan sa a ba naɗin farko wuta na kashi biyu zuwa huɗu cikin dubu na daƙiƙa, ƙarfen ya ɗauki maganaɗisu, sannan a yanke wutar farat ɗaya. Yankewar nan ce ke haifar da wuta mai ƙarfi a naɗi na biyu, wadda kan kai bolt 30,000 ko fiye in an buƙata. A injinka, 1ZZ-FE, kowane fulogi da nasa kwayil a bisa kansa, babu distributa, babu dogayen wayoyin fulogi. In inji yana juyi 3,000 a minti, kowane kwayil yana yin wannan aiki sau 25 a daƙiƙa. Tafiyar awa ɗaya a haka, ka taso daga Daura ka bi ta Mashi ka nufo Katsina, tartsatsi 90,000 ke nan daga kowane ɗaya, yana zaune cikin rami a tsakiyar kan inji, a watan Afrilu da ko a inuwa zafi kan kai digiri 40.

Abin lura shi ne kwayil ba ƙarfi ɗaya yake fitarwa kullum ba. Yana ta ɗaga wutar ne har sai ta tsallake, tana tsallakewa ya tsaya a nan. In mota tana silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, totur a rufe yake, iskar da ke shiga silinda kaɗan ce, wuta tana tsallakewa ba wahala. Da ka taka totur za ka wuce tirela, silinda ta cika, matsi ya ƙaru, sai a buƙaci ninkin wancan ƙarfi ko fiye. A nan raunin kwayil ke tonuwa, silinda ta kasa ƙona fetur ɗinta, abin da ake kira misin. Zafi kuma yana buɗe 'yar tsagar da ke jikin kwayil ko robarsa, wadda da sanyin safiya a rufe take. Shi ya sa alamun da ka lissafa, lafiya da safe, fizga da zafi da kuma in an taka, sun fi kama da matsalar wuta. Har nan waɗanda suka duba maka motar ba su kauce ba. Inda aka tsaya da wuri shi ne ba a tambayi me ya sa ba.

Duk abin da ya tsananta wa wuta hanyarta ta bakin fulogi, kwayil ne ke biyan kuɗinsa. Fulogi ya cinye, bakinsa ya buɗe daga 1.1 ya haura 1.5, to kowane tartsatsi sai kwayil ya ɗaga wuta fiye da yadda aka gina shi, sau fiye da dubu a minti in ana tafiya. Ita kuwa wuta halin ruwan damina gare ta, inda ya fi sauƙi take bi. In bakin fulogi ya yi mata wuya, sai ta huda robar kwayil ta faɗa jikin inji, ko ta gangara ta bayan fulogin, ko ta huda cikin naɗin kansa. Ta huda sau ɗaya, ta samu hanya ke nan, gobe ma nan za ta bi.

Wannan ne kuma dalilin da gwajin da aka fi yi a garejinmu ba ya nuna gaskiya. A zaro kwayil, a sa masa fulogi, a jingina da jikin inji, a yi kik, a ga tartsatsi, a ce lafiyarsa ƙalau. A sarari, iska kimanin bolt 3,000 take buƙata a kan kowace milimita. Kwayil da ya kusa mutuwa ma zai ba ka wannan. In za a yi gwajin tartsatsi, a yi shi da abin gwajin da ake buɗe bakinsa ana rufewa, a buɗe ya kai santimita ɗaya ko ɗan fiye, a ga wuta shuɗiya tana tsallakewa ba fashi. Kuma kada a taɓa ɗaga kwayil sama inji yana aiki don a ji ƙarar ƙyas-ƙyas. In wuta ba ta sami inda za ta sauka ba, takan haura iyakarta ta ci kwayil ɗin daga ciki. Mai lafiya ma ana kashe shi a haka.

Yanzu mu je ramin na uku. A Toyota ana fara ƙirga daga ɓangaren da bel yake, na uku shi ne na kusa da na ƙarshe ta wajen giya. Bari inji ya huce sarai. Cire murfin roban sama, danna maƙallin soket a hankali ka zare, don zafi ya riga ya busar da robar, da ka matsa sai ta karye. Kwance noti ɗaya mai lamba 10, ka jawo kwayil sama. Kafin ka taɓa fulogi, haska tocila cikin ramin.

Ramin kirki a bushe yake, kana ganin farin tangaran fulogi da ƙarfensa. In ka ga baƙin mai kwance a ƙasa yana sheƙi, wani lokaci har ya nutsar da gindin fulogin, ka dubi robar bakin kwayil ka ga ta jiƙe, ta kumbura, ta yi laushi in ka matsa da yatsa, to ka kama mai laifi na farko. Man nan daga gaskit ɗin murfin saman inji yake tsiyayowa, wanda ke zagaye bakin kowane rami. Zafi da shekaru sun busar da shi. Mai yana ruɓar da roba, ruɓaɓɓiyar roba ba ta tare wuta. Ka sa kwayil goma a ramin nan, haka za su bi juna. Maganin shi ne sabon gaskit, a goge mazauninsa tas, a ɗaure notinan daidai wa daida. Shafa gam a kan tsohon gaskit ba gyara ba ne, wata biyu sai ya dawo. Kuma a tsane man da ke ramin da tsumma a kan dogon sukudireba kafin a kwance fulogi, kada ya gangara cikin silinda da ƙasar da ya kwaso. In ruwa ka gani ko tsatsa ja a jikin ƙarfen fulogi, wannan aikin wankin inji ne da ruwa mai ƙarfi, ko damina ta shiga ta robar saman kwayil da ta daina rufe bakin rami.

Sai ka fito da fulogin, ka goge shi, ka juya shi a hasken rana. Abin da nake so ka nema shi ne siririn layi baƙi a jikin farin tangaran, a tsaye, daga kan fulogi zuwa inda ƙarfe ya fara. Ba ya fita da tsumma, in ka bi shi da farce za ka ji shi. Leƙa cikin robar kwayil, za ka ga ɗan'uwansa, layi mai launin toka ko baƙi daidai inda ya jingina. Wannan hanyar da wuta ta ƙona wa kanta ce, tana gangarawa ta baya maimakon ta shiga silinda. A cikin duk abin da zan lissafa, wannan na fi zargi a motarka, domin shi ne yake ba da labari irin naka sak. An sa sabon kwayil a kan tsohon fulogi mai layi. Sabuwar roba ta matse shi, wuta ta koma hanyarta, mota ta yi lafiya 'yan makonni. A hankali layin da ke kan fulogi ya ƙona sabuwar robar, misin ya dawo, aka ce kwayil ɗin ba shi da kyau. Haka in aka sa sabon fulogi aka mayar da roba mai layi, ita za ta ɓata shi. Tare ake canza su, rana ɗaya. Ban ji ka ambaci fulogi ko sau ɗaya a tambayarka ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai.

Kada dai ka ruɗa wannan layi da zoben nan mai ruwan ƙasa da ke kewaye tangaran a gindinsa, daidai inda ya haɗu da ƙarfe. Shi tabo ne kawai da ƙura da tururin mai ke bari, ba ya hana komai, kuma ana yawan jefar da fulogi mai lafiya saboda shi.

Tunda ka fara, fito da duka huɗun ka jera su a kan kwali yadda suke a inji. Mai lafiya bakinsa ruwan toka ne ko ƙasa-ƙasa, a bushe. In na uku ya fita daban, baƙi ne mai danshi, ko fari fat, ko ya tara ɓawo, yana ba ka labarin silindarsa. Auna bakin kowane da ma'aunin nan mai siraran ƙarafa masu lamba, kada a auna da ido. Fulogin da Toyota ta tsara wa injin nan mai bakin iridiyam ne, Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11. Irin wannan ba a kankare shi da buroshin ƙarfe, ba a ƙona shi a wuta, ba a ƙwanƙwasa bakinsa a kan dutse. Na gaskiya yana wuce kilomita 100,000. Sai dai jabu ya yi yawa, har kamfanonin biyu da kansu sun sha gargaɗi a kai. Na jabu kwalinsa kyakkyawa ne, amma ɗan tsinken bakinsa kan cinye da wuri, tazara ta buɗe, kwayil ya shiga uku. In ba ka da tabbacin samun iridiyam na gaskiya, ni na fi son ka sa fulogi na gama-gari na gaskiya wanda ya dace da injin, ka riƙa canza shi duk kilomita 20,000 zuwa 30,000. Ka tabbata akwai harafin R a lambarsa, shi ke nuna yana da abin rage hayaniyar wuta da ke damun birenbos.

To, a ce ramin a bushe yake, fulogi babu layi, bakinsa daidai. Sai mu koma gwajin musanya, wanda a ganina bai kamata a sayar wa kowa kwayil ba sai an yi shi. A sa wa motar kwamfutar gwaji a karanta lambar matsalar da birenbos ya ajiye, ka rubuta ta da hannunka. P0303 na nufin silinda ta uku tana misin, ba ta faɗi dalili ba. Ba ta ce kwayil ba, ba ta ce fulogi ba. Yawancin kwayil ɗin da aka zubar a banza, a kan fassara wannan lamba da "kwayil ya mutu" aka zubar da su. A goge lambar, a kai kwayil na uku rami na ɗaya, a kai fulogi na uku rami na biyu, nasu su dawo na uku. Sannan a hau titi, a yi tafiya har inji ya ɗauki zafin da yake ɗauka in zai yi maka halin, a taka totur sosai. Gwaji a tsaye cikin gareji ba zai fito da ciwon da ke jiran zafi da nauyi ba. A sake karantawa. In ta koma P0301, laifin ya bi kwayil. In P0302 ce, fulogi ne. In tana nan a P0303, babu ruwan kwayil babu ruwan fulogi, kuma sayen huɗu da asara ce tsantsa.

Ina tsofaffin kwayil ukun da aka cire maka? In suna hannunka, kada ka zubar, musamman na farko da ya zo da motar. A gwada kowane a rami mai lafiya, a kan fulogi mai lafiya. Ba abin mamaki ba ne ka tarar na asalin ya fi duk waɗanda aka saya ƙarfi. Daga yau kuma, duk abin da aka cire a motarka, ka karɓi abinka.

In lambar da ta fito P0353 ce, magana ta canza. Ita tana nuni da hanyar wutar kwayil na uku ne, wato soket da wayoyinsa, ko abin kunnawar da ke cikin kan kwayil ɗin. Soket ɗin Toyota waya huɗu gare shi: ɗaya tana kawo bolt 12 in an murɗa makulli, ɗaya tana mayar da wuta jikin inji, ɗaya tana kawo umarni daga birenbos, ana kiranta IGT, ta huɗun kuma, IGF, tana mayar wa birenbos labari cewa an kunna. Soket ɗin da aka zare aka mayar sau da yawa, kamar naka, maƙallinsa kan karye, bakunan ƙarfen ciki su saki. A silo suna taɓa juna, da inji ya girgiza ko ya yi zafi sai su rabu. Mai wayarin ya kunna mota ya motsa soket ɗin da wayar a hankali. In inji ya yi tuntuɓe, an same shi. A yanke a sa wani soket, a yi masa dalma, kada a ɗaure da zare ko salatif. A duba kuma wayar da ke mayar da wutar kwayil jikin inji, in notinta ya saki ko ya yi tsatsa, kwayil zafi yake yi fiye da kima. Wani abin da ke ruɗa mutane: wayar IGF ɗaya ce duka huɗun suke tarayya a kanta, don haka kwayil guda da ya lalace ta ciki yana iya jawo P0351 har zuwa P0354 gaba ɗaya, mota ta mutu. A nan ma ba huɗun suka mutu ba. A riƙa zare soket ɗaya-ɗaya har a ga wanda in an cire shi sauran suka dawo.

Game da mitar auna wuta da masu wayarin ke gwada kwayil da ita, kada ka dogara da ita a irin kwayil ɗinka. Abin kunnawar da ke cikin kansa ya tare hanyar, ba za ka auna naɗin farko daga soket ba. A tsofaffin kwayil masu baki biyu ne mita ke da amfani, inda naɗin farko kan nuna daga rabin om zuwa om 3, na biyu kuma dubbai, yawanci tsakanin 6,000 da 15,000, gwargwadon mota. Ko a can ma, mita tana kama wayar da ta tsinke ne kawai. Ba ta ganin tsagar da sai bolt 20,000 ke tsallake ta.

In misin ya ƙi barin silinda ta uku bayan musanya, saura nozul, wato mai fesa wa silindar fetur, da lafiyar silindar kanta. Nozul ma musanya shi ake yi da na wani rami a ga ko laifin zai bi shi. Sannan a auna kwampreshan, wato ƙarfin matsin silinda, inji da ɗumi, totur a buɗe. A littafin Toyota na injin nan, mafi ƙarancin abin karɓa psi 145 ne, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 15. In ta uku ta gaza, a ɗiga ɗan baƙin mai a ramin a sake aunawa: ya tashi, ringi ne; bai tashi ba, bawul ne ko gaskit ɗin kai. Injin 1ZZ-FE, musamman na shekarun farko, an san shi da shan mai in ringi ya maƙale, man kuma yana ɓata fulogi, a ɗora wa kwayil. Misin da ke zuwa da sanyin safiya ya wuce bayan 'yan daƙiƙu, ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, wannan gaskit ɗin kai ne. Wanda kuma ke yawo a duk silinda, lamba P0300 tare da P0171, a nemi famfon mai, ko iska da ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko man galan da aka sha a wurin 'yan bumburutu. Naka bai yi kama da waɗannan ba, na faɗe su ne don kada a tsallake su in an zo wurin.

Birenbos shi ne na ƙarshe a layi. Ba cewa nake ba ya lalacewa. A 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008, sama da miliyan ɗaya a Amurka, wato ta nemi a kawo mata su don gyara, saboda tsaga da kan fito a allon birenbos ɗinsu, kuma da yawa daga Corollan da ke kan titunanmu daga can suka zo. Amma alamun wancan mutuwar inji ne a kan tafiya, ko ƙin tashi, ko giya mai bugawa, ba misin ɗin rami ɗaya da ke lafawa in an sa sabon kwayil ba. Kafin a ɗora masa laifi, sai an nuna maka cewa umarnin IGT na silinda ta uku ba ya fita daga bakin birenbos ɗin kansa, alhali na sauran yana fita, kuma wayar tsakani lafiya take. In ka ga kan kwayil ya kumbura ko ya narke, wannan ne zai sa in yarda a bi ta wannan hanya da wuri.

A auna cajin altaneta ma, minti biyu ne. Inji yana aiki, batir ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In ya haura 15, yana dafa kayan wutar motar duka. Ina roƙonka kada ka bari a cire kan batir inji yana aiki don a ga ko altaneta na caji. A zamanin kafireto an yi haka an wuce lafiya. A mota mai birenbos, wutar da ke tashi a wannan lokaci tana iya ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na altanetan. Haka cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, da aka mayar al'ada saboda zafin garinmu: inji ya kasa kai zafin aikinsa, birenbos ya riƙa ƙara mai, fulogi ya yi baƙi.

In gwaji ya tabbatar kwayil ne, guda ɗaya za ka saya. Sauran ukun in na asali ne kuma suna aiki, cire su a sa sababbin da ba a san asalinsu ba ci baya ne. Ka duba lambar da ke kan na asali, a yawancin irin injinka 90919-02239 ce, ka nemi mai irinta. Na Camry mai injin 2AZ-FE yana kama da shi a ido amma lambarsa daban. Tsakanin sabo mai araha da ba a san wanda ya ƙera shi ba da ɗan Beljiyam na asali, ni na fi karkata ga na biyun, da sharaɗin robarsa ba ta tsage ba, babu layin ƙuna a ciki, kuma mai shago ya yarda a gwada a kan titi. Inda nake ba da shawarar canza fiye da ɗaya shi ne injin V6 mai silinda shida, irin na Sienna, da ukun baya ke ƙarƙashin bututun iska. Tunda sai an kwance kaya da yawa kafin a kai gare su, gara a sa masu ƙarfi a can gaba ɗaya. Fulogi kuwa huɗun za ka canza.

Masu wasu motocin da ke karanta wannan, ba duka ne zai hau kanku ba. Peugeot 406 mai injin EW10 kwayil ɗinta sanda ɗaya ce a kan fulogi huɗu, ba a musanya rami da rami, kuma Peugeot daga ɓangaren giya take fara ƙirga silinda. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai injin 2.2 kwayil biyu gare ta, kowane yana ciyar da silinda biyu, ɗaya da huɗu, biyu da uku. In biyun nan suka yi misin tare, kwayil ne, in ɗaya ce kaɗai, a fara da wayar fulogi. Golf 3 da 504 kwayil ɗaya ne da distributa, in ya mutu mota gaba ɗaya ta tsaya. Tsofaffin direbobin 504 sun san jiƙa tsumma a naɗa wa kwayil in ya yi zafi a hanya. Yana kai mutum gida, amma kwayil da ke neman tsumma yana faɗa maka ne a duba kontak da kondansa, ko an bar makulli a buɗe inji a kashe, ko an sa masa wanda ba nasa ba. Mota mai kwayil huɗu kuwa in ta ƙi tashi sam babu wuta ko'ina, a nemi fis, da rile, da sensan kiranshaf, domin huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya.

Saura batun fitilar da ka ce tana ƙiftawa, kuma wannan kada ka ɗauke shi da wasa. Fitilar cek in ta tsaya cak, gargaɗi ne. In tana ƙiftawa, birenbos yana cewa misin ɗin ya kai matakin da zai lalata katalis, wato abin tace hayaƙi da ke hanyar salansa. Fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba can yake zuwa ya ƙone, zafin ya haura digiri 1,000, tangaran da ke ciki ya narke ya toshe hanya, mota ta rasa ƙarfi ko bayan an gyara wutar. Wani fetur ɗin kuma yana wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Da ta fara ƙiftawa, ɗaga ƙafa daga totur. In a tsakiyar hanya ta kama ka, ta ƙi dainawa, kuma dole sai ka ƙarasa, ka tsaya ka kashe inji, ka zare soket ɗin nozul na silinda ta uku, ka lallaɓa da uku a hankali zuwa gareji mafi kusa. Za ta girgiza, ba za ta yi ƙarfi ba, amma ɗanyen mai ba zai bi salansa ba. In ka yi kwanaki kana hawanta da misin, ka haɗa da juyen baƙin mai ranar da aka gama gyaran. Allah ya tsare hanya.